Robar Feshi Mai Hoton Maigidana

A shekara ta biyu da zaman maigidana ɗan majalisar jiha, idan ban manta ba, wata dattijuwa mai sayar da man gyaɗa ta kawo mini tsaraba har kan kanta a bankin da nake aiki a Bici. Inna duk ma'aikatan muke ce mata. 'Yar ƙauyenmu ce a ƙasar Makoda, gonarta tana maƙwabtaka da ta dangin mijina. Ta zaro roba daga ƙarƙashin mayafi ta ajiye a gabana, ta ce matsar jiya ce. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Sai da ta fita na juya robar, na ga ragowar takardar da ke jikinta. Ta maganin feshin ciyawa ce, har da ɗan zanen ƙoƙon kan mutum a gefe.

Da na koma gida na haƙa rami a bayan garka na tsiyaye man, ina ta waige-waige kamar mai sata. Na yi kwanaki ina tunanin gidajen da suka soya ƙosai da irinsa. Ni ba likita ba ce, tattalin arzikin noma na karanta a jami'a, kuma ba zan ce na san iyakar illar da ragowar maganin ke yi ba. Amma na san abin da aka rubuta a jikin robar, na kuma san yawancin matanmu ba za su iya karanta shi ba.

Litinin zuwa Juma'a ina banki. Ranar Asabar kuwa ina tsakar gidan unguwarzoma, inda mata muka saba haɗuwa tun kafin Alhaji maigidana ya shiga siyasa, mu yi zancen awo da rigakafi da duk abin da ya taso. Nan nake waƙa. Gadon kakata ne, wadda ba ta taɓa dutsen niƙa sai bakinta na motsi. Alhaji ya san haka ya aure ni, bai kuma taɓa hana ni ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini ranar da aka rantsar da shi: in yi waƙata a cikin mata, amma kada muryata ta shiga waya. Ya ce abokan hamayya ba sa buƙatar gaskiya, guntun abu kawai suke nema. Na ce na ji, na kuma ɗauki alkawari.

Asabar uku na yi ina wa mata bayanin robar, ba wadda ta saurare ni da gaske. Hujjojinsu ma ba na banza ba ne. Robar tana da ƙwari, murfinta ba ya yoyo, ana iya rataya ta a keke da kunun masu noma bai zube ba. Inna ta ce ita sau uku take wankewa da toka da ruwan zafi, ta kife a rana. Wata ta tambaye ni ko bankin ne zai raba musu kwalabe, aka yi ta dariya. A Asabar ta huɗu na daina bayani. Na sa aka kife ƙwarya a ruwa, na fara:

Robar feshi ba gidan kunu ba ce,
Ɗauraye, ki huda, ki kai nesa da rijiya.

Su kuma suna amsawa da "A huda, a binne." Kafin la'asar har masu goyo sun miƙe suna rawa. Muryar Inna ta fi ta kowa tashi a amshi, ita da ta fi kowa gardama. A tsakiyar waƙar na ga wata mata daga unguwar gabas ta ɗaga waya. Na gan ta sarai. Na ce a raina in na tsaya na hana ta zan kashe wa mata nishaɗi, kuma wataƙila ita kaɗai za ta riƙa ji a ɗakinta. Na sunkuyar da kai na ci gaba.

Ba a yi wata guda ba waƙar ta isa wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa. Babu sunan kowa a kai, kuma ƙarar ƙwarya ta danne muryar kaɗan, wannan ne ya riƙa kwantar mini da hankali. Wata rana ina kan kanta waya ta yi ƙara a aljihun wani manomi da ke layi, sai na ji kaina ina cewa a ɗauraye a huda. Tun daga ranar na rage magana da ƙarfi a wurin aiki, in zan kira na gaba sai in ɗaga hannu kawai.

Abin da ban sani ba shi ne, gab da faɗuwar damina ofishin Alhaji ya raba wa manoma injin feshi da maganin ciyawa. Daga Kano aka wuce da kayan kai tsaye zuwa mazaɓu, ban ga ko kwali ɗaya ba. Sakatarensa, wani mutum mai himma wanda ba ya barin ko buta ta fita ba tambari, ya sa aka manna hoton Alhaji a jikin kowace roba, yana murmushi da hularsa. Aka yi feshi, magani ya ƙare a robobi, mata suka bi abin da waƙa ta ce. Gefen da hoton yake shi ne shimfiɗaɗɗe, nan ƙusa ta fi saurin shiga.

Wani mai huɗa ne garmarsa ta tono guda uku a bakin gonar Inna. Fuskar ɗan majalisa a huje da ƙusa, an binne a ƙasa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da mutane za su kira wannan. Aka yi rashin sa'a kuma a makon Alhaji ya kwanta da zazzaɓi, irin wanda yake yi kowace damina. Kafin kwana biyu magana ta game ƙauyuka cewa an yi wa Onarabul asiri, an kuma shirya waƙa don mata su taya binnewa ba su sani ba. Ɗan Inna na fari yana ɗaya jam'iyyar, kuma duk mai kunne ya gane muryarta a amshi. Sakatare ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a kira ta ta faɗi wanda ya ba ta waƙar.

Matan da suka san gaskiya sun kai talatin, amma ba wadda ta buɗe baki, don ba wadda ke son a ce ita ta tona matar Onarabul. Alhaji kuwa bai taɓa sauraron waƙar ba. Labarinta kawai ake kawo masa yana kwance.

Ranar Laraba Inna ta zo banki. Ta bi layi kamar kullum, ta gama abin da ya kawo ta, sannan ta matso da fuskarta kusa da gilashi.

"'Yar nan, kwantar da hankalinki. Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ni tsohuwa ce, me za su yi mini? Ke kuwa aurenki ne."

Na tambaye ta ciniki, ta ce kwana huɗu ba wanda ya aiko sayen mai, amma ai damina ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na shiga banɗakin ma'aikata na daɗe ina wanke hannu ba dalili.

A motar komawa gida na shirya maganar ta fi sau goma. Kowane shiri sai in ga ɓarakarsa. In na ce ban san an ɗauka ba, na yi ƙarya. In na fara da illar magani, zai ce ina kare kaina. Na yi tunanin in je wurin mai unguwa a ɓoye, sai na ga hakan ya fi muni, mutum ya ji sirrin gidansa a bakin waje. Har na yi tunanin in bari Juma'ar ta wuce, wataƙila a yi wa Inna faɗa kawai a sallame ta. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yi tunaninsa, kuma ba sau ɗaya ba.

Ranar Alhamis da safe ban tafi aiki ba. Alhaji ya ɗan sami sauƙi, yana zaune a tabarma a baranda yana shan kunu. Sakatare ya shigo da robobin uku a leda ya nuna masa, ya bar su nan ya koma zaure yana jira. Na zo na durƙusa a gefen tabarmar. Alhaji yakan ce mini Manaja don zolaya, ko da yake kan kanta nake.

"Manaja, yau banki ya ba da hutu ne?"

Duk abin da na shirya ya gudu. Na kalli ledar, na buɗe baki, sai na ji ina rera baitin farko a hankali. Ban kai amshi ba ya ajiye ludayi.

Ya ɗauki roba ɗaya yana juya ta. Na gaya masa komai, daga man da na tsiyaye a rami har wayar da na ga an ɗaga na yi shiru. Na ce ban san da hoton ba, amma alkawarin da na karya na san da shi. Ya tambaye ni tun yaushe na san Inna ake zargi, na ce kwana biyar. Wannan ne ya fi ɓata masa rai, fiye da waƙar, na gani a fuskarsa.

"Kwana biyar kina kawo mini magani, tsohuwa tana can ana nuna ta da baki?"

Ya sake duban robar, ya sa yatsa a hujin.

"Kuma duk faɗin robar nan ba su ga wurin hudawa ba sai hancina."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya kira sakatare ya ce a janye ƙarar. Sakatare ya ce, ranka ya daɗe, janyewa a ɓoye ba za ta wanke kowa ba, mutane za su ce an sasanta ne kawai. Ya kawo shawarar a ce ma'aikatan gona ne suka yi waƙar. Ni na riga na koma bayan ƙofa ina ji, kuma gaskiya zuciyata ta so wannan shawarar. Alhaji ya ce a'a.

Ban je ƙofar gidan mai unguwa ba ranar Juma'a, mata ba sa zuwa sai wadda aka kira. Abin da aka ba ni labari shi ne, Alhaji ya zo da roba da ƙusa a aljihu. Ya ce waƙar daga gidansa ta fito, iyalinsa ce ta yi ta, kuma abin da ta faɗa daidai ne, kuskuren na ofishinsa ne da ya manna hoto a jikin abin da ya kamata a binne. Sannan ya huda robar da hannunsa a gaban jama'a, ya ba Inna haƙuri. An ce ita kuma ta ce ba komai, amma a gaya wa sakatare ya zo ya sayi mai ko kwalba ɗaya ce.

Abin bai wuce haka kawai ba. Ba a yi mako ba 'yan hamayya suka laƙaba masa mijin zabiya, har a bangon makarantar firamare an rubuta da gawayi. Yayansa ya zo takanas ya yi masa faɗa a kan barin muryar mace a aljihun maza. Manajan bankinmu ya kira ni ofis, ya tuna mini a cikin ladabi cewa ma'aikata ba sa shiga harkar siyasa, na ce ba siyasa ba ce, ya ce shi ya sani, amma masu shigowa ba su sani ba. Alhaji ya yi kusan mako biyu ba ya ce mini Manaja. Gaisuwa kawai, da abin da ya zama dole. Ban san ƙuri'u nawa abin ya ci masa ba, ko ma ya ci ɗin. Bai taɓa faɗa ba, ni kuma tsoron tambaya nake.

Ranar da ya sake zolayata, cewa ya yi tunda muryar ta riga ta fita, in ƙara baiti ɗaya, a ɓare hoton kafin a huda, a kuma wanke hannu. Na ƙara. Sai dai tsohuwar waƙar ce ta fi yawo a wayoyi har yau, kuma har yau nakan hangi robar a rataye a keke a hanyar gona, ban san ko ruwa ne a ciki ko magani ba.

Cinikin Inna ya dawo a hankali, ko da yake ta ce akwai gida biyu da ba su sake aikowa ba. Bayan girbin gyaɗa ta zo banki ta ajiye mini mai a kan kanta, wannan karon a kwalbar lemo, an toshe bakin da totuwar masara. Na karɓa da hannu biyu. Tana tsaye na cire totuwar na kai hanci, ban ma san na yi ba.

"Shinshina da kyau, Hajiya ta banki," in ji ta. "In kin ji wani abu ki yi mana waƙa."

Na mayar da totuwar, na sa kwalbar a jakata, na ɗaga hannu na kira na gaba.