Jinin Zuliha a Idon Ya Kashim

Ya Kashim yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in ana neman mai taurin kai a Azare, a tsaya a ƙofarsa kawai, kada a wahalar da ƙafa. Muna ƙanana babanmu ya taso da mu daga Gaidam. Ni na gaji haɗa turaren wuta a wajen innarmu, shi kuwa ya yi boko, ya ƙare a ɗakin gwajin jini na asibiti. Shekara ashirin da ɗoriya yana leƙen jinin mutane ta madubin nan mai ƙara girman abu, ido ɗaya a kanne. Abin ya zame masa jiki, ko hira kake yi masa sai ka ga idon hagu ya rufe.

Ba ya barin aiki a asibiti, nan ne matsalata da shi. A gidan suna sai ya kama hannun mutum ya juya tafin, ya ce jininka ya yi ƙasa, ka riƙa cin zogale. Ranar ɗaurin auren ƙanwarmu, uwar ango ya gaya wa haka, a gaban jama'a! Na ce, "Ya Kashim, don Allah ka rufa mana asiri." Ya ce ai asirin yake rufawa. Bayan wata guda matar ta aiko masa da zabi biyu daga Jama'are, har yau yana yi mini gori.

A shekarar 2004 'yata Zuliha ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Tun tana 'yar mitsitsiya take ɗaure wa kaji ƙafa da tsumma, wai sun karye. An ba ta mako guda ta kai takardar shaidar lafiya, in ba haka ba a ba wani gurbin. Muka tafi asibiti muna raha, don yarinyar nan ko mura ba ta cika yi ba. Kawunta da kansa ya ɗebi jinin, ya rubuta abin da ya gani, aka kai wa likita.

Likitan sabo ne, Dakta Talha, ɗan Misau, yaro mai ladabi. Ya dubi takardar, ya sake dubawa, ya ajiye biro.

"Mama, ba zan iya sa hannu ba," in ji shi. "Fararen ƙwayoyin jininta, waɗanda suke yaƙi da cuta, sun gaza abin da littafi ya ce. Sai an kai ta Kano an duba ɓargonta."

Kano! Kafin a je a dawo gurbin ya tafi. Amma wallahi ba gurbin ne ya fara zo mini ba, cewa na yi 'yata tana ɗauke da mugun ciwo ban sani ba. Na shiga ɗakin Ya Kashim ina zazzaga masa masifa, na ce kai ka rubuta, da ka ƙara 'yan lambobi wa zai sani? Ya kanne ido ya ce, "Fatu, ban taɓa yi wa jini ƙarya ba, ba zan fara da na gida ba. Taso."

Ya samu Dakta Talha a ofis, ni ina bakin ƙofa. Ya ce, "Likita, littafin nan da jinin waɗanne mutane aka rubuta shi?"

"Na Turawa, galibi."

"To ni na mutanen Katagum na sani. Manomi ya zo daga Hardawa, ƙato, ya yini yana huɗa, in na duba sai in ga haka. Ba ɗaya ba, ba ɗari ba. Ƙwayoyin yarinyar nan lafiyayyu ne, ba su da yawa ne kawai, kuma haka namu yake."

Dakta Talha ya sunkuyar da kai. "Baba Kashim, ina ganin girmanka. Amma 'yar ƙanwarka ce."

Na ji kamar in kwaɗa masa jakata. Ya Kashim kuwa murmushi ya yi, ya ce, "Gaskiyarka. Kai lafiyarka ƙalau?" Ya ce ƙalau, jiya ma ya buga ƙwallo. "To ba ni yatsanka."

Ya ɗebi na likitan, ya ɗebi na direban motar asibiti da na mata biyu masu shara, ya shirya su, ya ja masa kujera ya ce ya ƙirga da idonsa. Cikin huɗun, uku sun gaza abin da littafi ya ce, kuma na Dakta Talha ya fi na Zuliha ƙasa. Ya ɗago yana zufa, ya ce, "Ikon Allah! Ni ma Kanon za a kai ni ke nan?" Ya sake duba yarinyar tun daga kai har ƙafa, ya tambayi duk ciwon da ta taɓa yi, sannan ya sa hannu.

Zuliha ta tafi makaranta, muka ci gaba da rayuwa. Sai dai duk hutu, kafin ta ajiye jaka, kawunta ya aiko ta biya ta wajensa. Ya soki yatsa, ya leƙa, ya ce shi ke nan. Ta gama, ta kama aiki a asibitin da yake, bai fasa ba. Ni haushi abin yake ba ni. Na ce wannan mutum zai ƙarar mini da jinin 'ya da tsinin allura, ko mayya ai ta san gidan da take ragawa.

A ƙarshen 2009 Dakta Talha, wanda ya koma ƙarin karatu, ya aiko masa da wasu takardu da Turanci. Ranar na kai masa abinci ɗakin aikin, na tarar Zuliha da farin kayanta tana karanta masa, don idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Ita ta fassara mini. Wai akwai wata ƙofa a jikin jajayen ƙwayoyin jini da wani nau'in zazzaɓin sauro yake shiga ta nan. Tun zamanin kakannin kakanni, a gadon halittar yawancinmu baƙar fata, umarnin yin ƙofar ya daina aiki a jajayen ƙwayoyin, amma yana nan yana aiki a bangon jijiyoyin jini. Wannan zazzaɓin ya rasa hanya. Masu binciken suka gano cewa masu wannan gadon ne fararen ƙwayoyinsu suke fitowa kaɗan a gwaji, alhali lafiyarsu lau.

Na ce, "To ai abin da ka faɗa ke nan tun tuni, mene ne sabo?"

Ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga. Sannan ya ce, "Na faɗa ne da abin da idona ya gani, Fatu, ban san dalili ba. Shekara biyar ina cewa a raina, in fa na yi kuskure, ni na hana a kai ta Kano."

Kunya ta kama ni, duk masifar da na yi masa ta dawo mini. Ashe tsoro ne yake ɗauke da shi, shi kaɗai, ni ina ta mita.

Zuliha ta ninke takardun, ta miƙa masa yatsa kamar yadda ta saba. Ya dubi yatsan, ya mayar da allurar cikin aljihun tebur ya rufe.

"Bar shi, 'yata," in ji shi. "Wanke hannu ki zo mu ci abinci."