Kwarkwaron Malam Ilu

Shekaru sun ja, amma ranar da Malam Ilu ya shigo rumfata a Rano ta ƙi fita raina. A lokacin masaƙar da na yi wa aiki a Kano ta rufe, na dawo gida ina sassaƙa tsuntsaye da 'yan shanu na ado da tsofaffin kwarkwaron katako, wato abin da ake naɗe zare a jikinsa. Ku da kuka shigo sana'ar kun sani, sabon icce tsagewa yake yi. Wanda ya sha hannu har ya yi baƙi, shi ke karɓar wuƙa.

Malam Ilu tsohon masaƙi ne daga Kibiya. Idonsa ya tafi, da lalube yake saƙa. Ya ajiye mini kwarkwaro shida, gadon mahaifinsa.

"Bakinsu ya yi kaushi, yana cin zare. Goge mini kawai, Audu."

"An gama, Baba."

Da ya tafi na yi ta juya su. Ban taɓa riƙe icce mai kyansu ba. Na ce a raina, wanda ba ya gani ina zai bambance? Na fere sababbi huɗu, na shafe su da man kaɗe da baƙin tukunya. Nasa huɗun na mai da su kurciyoyi, wani direba ya wuce da su birni.

Bayan mako ya dawo. Ya bi kowanne da babban yatsa, ya ture huɗu gefe.

"Waɗannan baƙi ne, ɗana. Ina mai tsagar nan? Ina mai lotsawa?"

Ashe da tabon jikinsu yake gane launi. Mai tsaga na baƙin zare ne, mai lotsawa na fari.

"Goga ce ta cinye, Baba."

Ya yi ɗan murmushi. "Lallai gogarka akwai ci."

Ya kwashe su ya tafi. Na ji ya gwada yi wa sababbin alama, amma hannun tsoho ya riga ya haddace na da. Zane biyu suka fito da launi a cakuɗe, masu su suka mayar. Kafin damina ya kwance masaƙarsa. Na yi ta cewa gobe zan je in faɗa masa gaskiya, har aka aiko ya rasu.

Na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai, shi ya sa na faɗa muku. Tsohon kayan aiki in ya zo hannunku, ku tambayi mai shi me yake yi da shi kafin ku sa wuƙa. Kurciya kullum ana sassaƙa wata. Ni kuwa hanyar abincin mutum na yanke.