Garayar Baba da Yarinyar da Aka Bari a Ƙasa

A wannan watan ne mahaifinmu, Malam Ilu marini, ya cika shekara goma sha bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na so in yi waiwayen nan cikin natsuwa, yadda ya dace a yi wa mamaci, amma abin da idona ya gani mako uku da suka wuce ya hana ni. Mai karatu ya yi haƙuri, yau a cike nake.

Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata a wancan zamanin ya san Baba. Dogo ne siriri, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, babu sabulun da bai gwada su ya sha kaye ba. Rini ita ce sana'ar da yayana, Alhaji Sabo, yake yarda a ambata. Ɗayar kuwa, da ka kama hanyar zancenta sai ka ga Yaya ya fara laluben takalminsa. To ni zan faɗa, tunda hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar: Baba makaɗin garaya ne na 'yan bori, kuma wajen kakanmu ya gada.

Ban zo kare bori ba. Na tsufa ina koyarwa a firamare, na yi Islamiyya, na san abin da malamai suka ce. Baba da kansa ya rataye garayar shekaru kafin rasuwarsa, ya ce ya isa haka, ya koma tsakanin marina da masallaci. Abin da ya gabata yana tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma akwai bambanci tsakanin barin abu da yi masa ƙarya.

A wajen mutanen da, ba mu kaɗai ba ne a duniyar nan. Akwai iskoki, suna da garinsu, da sarkinsu, da malaminsu, da kuturunsu, kamar dai mu. Kowannensu yana da takensa. Idan mai garaya ya kaɗa taken, sai iskar ta hau kan wadda take bi, ta tashi ta yi tsalle ta faɗo zaune daɓas. Wannan shi 'yan kallo ke zuwa gani, amma Baba bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Cewa yake yi tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ko ya yi dubu ba zai fito ba. Aikin makaɗi na gaskiya shi ne fito da ita. Za a sassauta kiɗan a hankali, a lulluɓe ta da zane, a jira ta yi atishawa, a ba ta ruwa, a yi ta kiran sunanta na yanka har ta amsa. Wannan ita ce sallama. Dokarsa guda ce, kuma mun ji ta har ta ishe mu: wanda ya kira, shi ke sallama.

Ina ƙarama na taɓa ganinsa yana kiɗa a wani gida a unguwarmu, bayan la'asar. Kowa ya dawo hayyacinsa ban da wata mata guda. 'Yan kallo suka watse, tsirkiya ta yanke shi a yatsa, jini yana bin shuɗin hannunsa, amma bai tsaya ba. Sai da matar nan ta yi atishawa ta ce “Na'am”, sannan ya ajiye garayar ya nemi buta.

Bayan rasuwarsa garayar ta faɗo hannuna, don ba mai so. Na naɗe ta a baƙin zanen da ya rina da hannunsa, na ɗora a kan sif. Tun daga nan, duk shekara Yaya Sabo sai ya zo da magana ɗaya: “Binta, ki fito da abin nan a ƙone shi, kowa ya huta.” Ni kuma in ce masa ya gaida gida. A wajensa, ubanmu marini ne kawai, shi bai san komai a kan kiɗa ba, bai ma taɓa ji ba. Mutumin da aka haifa a ɗakin da ake ɗaure tsirkiya!

Sai ga 'yar Yaya, Ummi, wadda ke karatun wasan kwaikwayo a jami'a, ta zo mini da murmushinta. “Gwaggo, don Allah aron garayar Kaka za ki ba mu. Firojet ɗinmu ne na ƙarshe, a kan al'adun kakanni. Wallahi kamar ƙwai za mu riƙe ta. Amma kada Abba ya ji.” Raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba. Na ce ashe dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na sauko da garayar na ba ta, ban ko tambaye ta me za su yi da ita ba. Laifina ke nan, kuma na karɓa.

Ranar Asabar da yamma na ci ado na tafi zauren da za a yi wasan. Da aka ɗaga labule, sai ga garayar Baba a hannun wani saurayi mai baƙin tabarau, ya saɓa ta kamar jita, yana karkaɗa kafaɗa. Yatsansa bai taɓa tsirkiya ba. Kiɗan daga sifika yake fitowa, an yayyanko shi an harhaɗa. Taken Sarkin Rafi, wanda aka sani da hauka da tsalle, an liƙa masa na Inna Bafulatana a tsakiya, kamar a zuba nono a miyar kuka. 'Yan rawar sun shafa farar ƙasa a fuska sun ɗaura ganye a ƙugu. Ni dai duk tsawon rayuwata a cikin ganuwar Kano ban taɓa ganin 'yar bori da ganye a ƙugu ba. Na yi ta haɗiyar rai ina cewa yara ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Can sai suka zo wajen tsallen. Su shida suka yi sama suka faɗo zaune, a kan siminti, ko tabarma babu. Biyar suka miƙe. Ta shidan, wata siririyar yarinya, ta kife a nan jikinta yana karkarwa. Zauren ya ɗauki tafi, wayoyi suka yi sama, wani na bayana yana cewa, “Kai, wannan ta iya aktin!” Mai kula da sifika ya kashe kiɗan ƙit, don lokacinsu ya cika. Sauran suka jeru suna rusuna wa 'yan kallo, ita tana kwance a bayansu ɗankwalinta ya fita.

Ban san yadda aka yi gwiwoyin nan nawa masu ciwo suka hau dandamalin ba. Na cire mayafina na lulluɓe ta, na ce a kawo ruwa. Na tambayi sunanta, suka haɗa baki suka ce, “Zizi.” Na ce, “Sunan yanka nake tambaya, wanda ubanta ya raɗa mata!” Suka tsaya kallon juna. Shekara huɗu suna aji ɗaya! Da ƙyar Ummi ta tuna cewa Zainabu ce. Na riƙe kanta a cinyata ina yi mata kiɗan sallama da baki, ƙasa-ƙasa, yadda na ji shi tun ina yarinya, ina kiran “Zainabu, Zainabu.” An ɗauki lokaci kafin ta yi atishawa ta amsa.

Ko iska ce, ko buguwar siminti, ko yunwa, don daga baya an ce tun safe ba ta sa komai a bakinta ba, Allah ne masani, ni ba zan yanke ba. Abin da na sani shi ne an jefa 'yar mutane rijiya an tsaya karɓar tafi. Na karɓe garayar daga hannun mai tabarau, na tari adaidaita na dawo gida.

Da Baba zai leƙo yau, me zai ce? Ba na jin sifika za ta dame shi, mutum ne mai son rediyo. Ganyen ƙugu ma dariya zai yi. Amma ya ga an kashe kiɗa mutum yana ƙasa, wannan kam ina jin sai ya gwammace a ƙone garayar. Mun zo zamanin da wasu ke kunyar abin kakanni har suna ƙaryata iyayensu, wasu kuma suna son sa don hoto. Duka biyun ba wanda ya tsaya ya tambayi mene ne abin.

Washegari da hantsi Yaya Sabo ya faɗo gidana ko zama bai yi ba. An tura masa bidiyon a waya. “Kin ga abin da kika jawo mana ko? Yau kam ba na barin gidan nan sai da garayar nan.” A gaskiya na gaji, na kusa miƙa masa. Na ce ya zauna ya ji yadda aka yi tukuna. Ina cikin ba shi labari, da na zo wajen kashe kiɗa, sai ya katse ni.

“Tsaya. Tana ƙasa suka kashe?”

Na ce tana ƙasa.

“Ba wanda ya lulluɓe ta? Wannan wane irin jahilci ne? Ai sassautawa ake yi, a hankali, a hankali, ba a yankewa!” Ya matso bakin kujera. “To ta yi atishawa?”

Na zuba masa ido kawai. Shi ma sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya shiga gyara hula. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara goma sha bakwai yana rantsuwa bai san komai ba, ashe Baba yana zaune daram a cikinsa.

Garayar tana kan sif, fatarta ta fara tsagewa, kuma ba mai iya kaɗa ta a zuriyarmu. Wata rana gara za ta yi wa Yaya aikin da ya daɗe yana so, na san da haka, kuma na daina jin zafinsa. Taken iskoki zai tafi tare da masu shi. Abin da Baba ya bari wanda ba ya tsagewa shi ne wannan doka tasa, kuma ba sai ɗan bori take yi wa amfani ba: idan ka tayar da mutum, kada ka tafi sai ka ga ya dawo daidai.

Yaya ya tashi ya tafi hannu rabbana, bai sake ambatar wuta ba. Har ya kai soro sai ya dawo ya leƙo, yana kallon gefe.

“Ki gaya wa Ummi ta riƙa zuwa duba yarinyar nan har kwana uku,” in ji shi. “Haka Baba yake yi.”