Kalmar da maigidana ya kawo daga ofis

Maigidana mai duba makarantun firamare ne, kuma a bakinsa na fara jin kalmar "adequate". In ya tarar da aji da allo da benci da malami a tsaye, ita yake rubutawa a takardar rahotonsa. Laifinsa ɗaya, bai bar ta a ofis ba, sai da ya biyo da ita har gidanmu a Gomari.

In tashi tun da safe in tafi Kasuwar Kwastam neman kifi banda, in yini a kan burabusko da miyar yakuwa. Ya zo ya cinye tas, ya wanke hannu, ya ce, "Adequate."

Rannan na harzuƙa. Na ce, "Baban yara, ni makaranta ce da za ka duba ni? Mece ce ma ma'anarta?"

Ya ce, "Abin da ya isa. Bai gaza ba, bai yi yawa ba."

"To madalla. Shekara ashirin, ashe ban wuce 'ya isa' ba."

Ya yi dariya ya ɗauki rediyonsa. Ni kuwa abin ya ci mini rai ƙwarai. So nake ko sau ɗaya ya ce ya ji daɗi, in san ina da wuri a zuciyarsa. Har ya rasu bai faɗa ba.

Bayan makoki 'yarmu ta zauna da ni mako biyu kafin ta koma wurin aikinta. Na ba ta labarin, sai ta duba a wayarta. Wai asalin kalmar daga Latin ne, kuma tana nufin abin da aka daidaita da wani abu har suka zo ɗaya. Ta ce, "Mama, ai Baba bai taɓa faɗa wa abincin kowa haka ba. A gidan mutane shiru yake yi."

Gaskiya ne, kuma ban taɓa lura ba.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba, kullum na mutum biyu nake zubawa. Tukunya ta yi mini yawa, tabarmar ma haka. Ina ci, in rufe sauran da faifai, ya kwana a inda yake.