Ranar da Aka Ce Min Zakara a Abbasiyya

Ladan bai ko taɓa lasifika ba muka bar Funtuwa, mu huɗu a mota. Ƙarfe huɗu aka yi da ni, huɗu saura kwata ina tsaye bakin titi da jakata. Sauran ukun 'yan kasuwa ne masu zuwa Masar saro abaya da jallabiya, ba su iso ba sai huɗu da minti ashirin da biyu. Ban zagi kowa ba, agogona kawai na nuna musu ɗaya bayan ɗaya. Har muka tsaya sallar asuba a Malumfashi babu wanda ya ƙara ce min uffan.

Gyaran agogo ne sana'ata, shekara talatin ke nan. Boko ban wuce aji biyu na sakandare ba, don haka mai neman rubutun malamai ya nema a gaba. Sana'ar ma ta mutu. Wayar hannu ta kashe ta, agogon China ya yi mata sutura. Agogo ne na roba, in ya tsaya ba a gyarawa, a bola ake jefawa. Ku riƙe wannan, za ku ga inda Allah ya kai ni.

Na ce wa mutane ido zan je a duba min, kuma ba ƙarya na yi ba, idon ya fara hazo. Amma ba don ido na sayar da filin gadona ba. Ɗana na fari yana karatu a Alƙahira. Ba zan rubuta sunansa ba, ɗan fari ne, da baki ma ban taɓa kira ba balle da biro. Wata goma sha huɗu ban ji muryarsa ba. Ya faɗi jarrabawa ne aka ce ya maimaita shekara, ya bugo ya gaya min, ni kuma na ce masa kada in sake jin muryarsa sai ya gama karatun gaba ɗaya. Ya ce, "To, Baba." Shi ke nan. Yaron nan ya ɗauki magana ya riƙe kamar hukuncin alƙali.

Za ku ce me ya hana ni bugawa. Uba ya bugi ɗan fari ya ce masa me? Mahaifiyarsa ma kunyar ta ɗaure mata baki. Ƙasar Masar ta rikice, rediyo kullum labarin kama ɗalibai, ita kuwa sai ta zauna kusa da rediyon tana tsince wake, tana ramewa, ba ta tambaya. Sai wani ɗalibi ya zo hutu ya ce ya ji yaron na neman wucewa wata ƙasa in ya gama, ba zai biyo ta gida ba. Ranar ban iya ɗaura ko ƙaramin sukuru ba. Da zan taho ta cusa kilishi da yaji da kuka a jakata, ba ta ce na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Daga Kano jirgi ya ɗauke mu. Abincin jirgi ba zan ɓata biro a kansa ba. Mun sauka cikin wani sanyi mai shiga ƙashi, ni da 'yar shaddata mai sitaci. Abokan tafiya suka kai ni masaukinsu a Faisal, unguwa ce da gidaje suka hau kan juna, rana ma sai ta nemi izini kafin ta shiga lungu. Direbobinsu da hon suke tuƙi, birki ado ne. Tsallaka titi kuwa, sai ka laɓe bayan wata tsohuwa ka bi ta, don ita suna jin tsoronta. A wasu mahaɗar hanyoyi ga motocin soja a girke, mutane na wucewa da burodi a ka kamar ba su gani ba. Burodin arha, wake da suke kira ful shi ma arha, da fam biyu ko uku ka karya. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa fam ɗaya tak, ko ina za ka. Wannan kam na yaba. Amma na ƙirga agogon bango biyar a shaguna, babu biyu da suka yi daidai da juna.

Washegari ɗaya daga cikin 'yan kasuwan ya raka ni Abbasiyya, unguwar da yaron yake, a jirgin ƙasan nan, ya nuna min gidansu ya juya. Hawa na huɗu, ba na'urar hawa. Ɗalibai biyar ne a ciki. Yaron ne ya buɗe ƙofa. Ya yi tsawo, ya tara ɗan gemu, jallabiyarsa a goge kamar zai je ɗaurin aure. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ido a tabarma. Ya hanya, ya mutanen gida, ya kasuwa. Na amsa. Ƙirjina ya yi sanyi da na gan shi da ƙafafunsa biyu, amma abin da ya fito daga bakina shi ne matattakalar gidan nan ba a share ta ne?

Kwana uku muka yi haka. Ya kai ni wurin likitan ido, aka ce ba aiki za a yi ba, tabarau ne kawai, na gode Allah. In ya ce ƙarfe tara za mu fita, tara saura biyar yana tsaye da takalmina a hannu. Amma magana ba ta wuce "E, Baba" da "A'a, Baba". Wani abokin zamansa Badamagare, mai surutu da dariya, shi ya gaya min yaron ya ci jarrabawar da ya maimaita, har ya yi fice a ajinsu. Shi bai faɗa min ba. Ni ma ban ce masa barka ba. Saura kwana uku in koma, na fara ganin zan tafi yadda na zo, ga tabarau, babu ɗa.

Rana ta huɗu bayan la'asar Badamagaren ya ce, "Baba, yau ni zan ciyar da ku. Yalla, mu je wurin 'yan Sin."

Na ce mutanen da suka kashe min sana'a ba za su ƙarasa ni da abinci ba. Ya ce Musulmi ne, ɗalibai ne kamarsu, yankansu halal. Ban san akwai Musulmi a China ba sai ranar. Na bi su don kada a ce na raina tayi.

Ɗan shago ne a lungu, tebur biyar. Mai wurin farar hula gare shi da gemu sili-sili, Larabcinsa irin na littafi. A gabanmu ya ɗauki curin ƙullu yana ja yana ninkewa, yana bugawa a tebur, sai ga taliya ta fito siri-siri ba inji. Na tsaya ina kallo. Aikin hannu ne na gaske, wanda ya san aikin hannu ba ya musun wannan. Aka kawo ta cikin romon naman sa da barkono, da tsinke biyu wai da su ake ci. Na ce a ba ni cokali, ni ba saƙa na zo yi ba.

Da ya zo ajiye shayi sai ya dafa kafaɗar yaron ya kira shi da wata kalma yana dariya. Na tambaya. Badamagaren ya ce zakara yake ce masa, kullum haka yake kiransa. Na ajiye cokali. Na ce a tambaye shi dalilin da zai kira ɗan mutane da sunan kaza.

Mutumin ya nuna wata jar kalanda a bango, da hoton doki a tsakiya, dabbobi goma sha biyu sun kewaye shi. Ya ce a ƙasarsu kowace shekara da dabbarta, bana ta doki ce, in an zagaye sha biyun a sake daga fari. Tsofaffinsu na cewa mutum yana ɗaukar halin dabbar shekarar da aka haife shi. Ya ɗaga yatsa sama ya ce shi Musulmi ne, gaibu sai Allah, wannan hirar kakarsa ce kawai. Na ce to madalla, don ni ba na zama inda ake duba. Amma a faɗa min halin zakaran in ji.

Nan Badamagaren ya yi min wayo. Ya ce Larabcin ya yi masa zurfi, sai dai abokinsa ya fassara. Ƙarya yake, amma ta yi amfani. Dole yaron ya buɗe baki, yana kallon kwano.

"Ya ce zakara sammako gare shi, ba ya saɓa lokaci. Yana da ƙwazon aiki. Yana son tsafta da ado, yana so a gan shi tsaf. Idonsa ba ya wuce ƙaramin kuskure."

Na ce, "Ci gaba."

"Ya ce yana faɗar gaskiya ba ya shafa mata mai, ko za ta yi ciwo. Amma shi in aka faɗa masa, sai ya riƙe a ciki. Yana da girman kai. Ba ya fara ba da haƙuri."

Na bugi tebur na ce wallahi kakar mutumin nan ta san abin da take faɗa, kamar a gidana ta yi goyo. Na ce a gaya masa ya ƙara da taurin kai. Mai shagon ya yi murmushi ya tambayi shekaruna. Na miƙa masa fasfo, don ba na yawo ba shi. Ya duba, ya ƙirga a yatsu, sha biyu, sha biyu. Tsakanina da yaron shekara ashirin da huɗu ne cif. Ya dube ni, ya dubi yaron, ya ɗaga yatsu biyu, wato zakara biyu.

Badamagaren ya kifa kai a tebur. Ban ga abin dariya ba.

Sai mutumin ya sake duba fasfon ya ce a dakata. An rubuta ɗaya ga Janairu. Su shekararsu ba ta kamawa sai bayan nan da kusan wata guda, don haka in ranar aka haife ni, ban shiga zakara ba, ina cikin dabbar da ke gabansa. Na ce wace ce? Yaron ya kau da kai. Na ce da kai nake.

"Biri, Baba."

Kun san yadda ake mana fasfo. Rabin mutanen Funtuwa ɗaya ga Janairu aka haife su, don mai cike takarda ba ya son wahala. Shekarar daidai ce, mahaifina ya rubuta ta a bangon littafinsa, amma wata da rana ƙage ne. Da na yi shiru da na tsira daga duk abin da aka lissafa. Amma biri? Na miƙe tsaye a shagon mutane na ce a gaya masa da damina aka haife ni, gero ya fara fitar da kai, uwata ta faɗa min ba sau ɗaya ba. Ni zakara ne, kuma babu ɗan China da zai mai da ni biri.

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa.

Yaron ya yi ta danne dariya har ta ƙwace masa. Rabon da in ji dariyarsa tun yana firamare, don ba a gabana yake yi ba. Ya kai hannu ya rufe baki, hannun riga ya zame, sai ga agogo. Tsohon agogona ne irin wanda ake wanawa da hannu, na ƙarfe, wanda na ba shi ranar da zai taho. Da sabon tabarau na hango shi sarai. Na ce agogonka yana baya da awa guda da minti huɗu.

Ya ce, "Awa gudan lokacin gida ne, Baba. Ban taɓa canza shi ba. Minti huɗun ne ban san yadda zan yi da su ba."

Na ce ciro shi. Ba na rabuwa da ƙaramin sukundireba da madubin ido, ko masallaci za ni. Na ture kwano, na shimfiɗa hankici, na buɗe bayan agogon. Mai shagon ya jawo kujera yana kallo yadda na kalli taliyarsa. Mai ya bushe, ƙura ta shiga, amma a wane yake. Irin wannan agogon in ka yi kwana biyu ba ka wana shi ba tsayawa yake. Wata goma sha huɗu kullum sai ya wana shi.

Idona na cikin madubi, kaina a sunkuye, shi ya sa maganar ta iya fita. Na ce mai shagon ya gama lissafin ne, ko akwai saura? Yaron ya ce saura ɗaya, ya ce zakara ba ya yar da nasa. Na ce to. Na ce maganar da na yi a waya na janye ta. Na ce an ce min ba za ka dawo gida ba.

"Ban ce ba zan dawo ba. Cewa na yi ban sani ba ko ana so in dawo."

Na ɗaure sukuru na ƙarshe na ce mahaifiyarka ta tsince wake ya fi buhu a gindin rediyo, kai kana nan kana tambayar ko ana so. Ka riƙa bugowa.

"Wace rana, Baba?"

"Juma'a, biyar na yamma."

"Na nan ko na can?"

Na miƙa masa agogon na ce na hannunka.

Kwana biyun da suka rage ya zagaya da ni. Mun ga kogin Nilu, mun ga dalar nan ta Masar daga nesa, na ce duwatsu ne, ba sai an biya kuɗi an matsa ba. Ya yi min gardama a kan wannan, gardama sosai, har da ɗaga murya kaɗan. Ban taɓa jin daɗin gardama irin ta ranar ba.

Mun sauka Kano da hantsi, abokan tafiya da buhunan abaya, ni da jakata ta fi sauƙi. La'asar muna Funtuwa. Mahaifiyarsa ta kawo ruwa ta ce, "Malam, ya ido?" Na ce ya gyaru. Ta juya kamar za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ya mutanen Masar?" Na ce sun ci kilishi, sun yi ƙiba, ranar Juma'a ki zauna kusa.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Ban yarda shekara na raba wa mutum hali ba, Allah ke rabawa. Amma sai da na sayar da fili na haye sama kafin wani mai taliya ya faɗa min abin da duk layinmu suka sani, ba wanda ya iya faɗa, don sun san bakina. Agogon China kuwa har gobe shara ne, wannan ban janye ba.

Ranar Juma'a na dawo daga shago da wuri, na ajiye wayar a kan tabarma tsakanina da ita. Biyar daidai ta yi ƙara. Na duba agogon hannuna, na duba na bango, babu ko daƙiƙa. Na ɗauka na ce, "Kai ne?" Ya ce, "Ni ne, Baba." Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta shige ɗaki ta saki labule.