Hoton Zalika

Shekara ashirin da bakwai Moussa ya yi yana ɗaukar hoton katin shaida a wata ƴar rumfa bakin kasuwar Lazaret. Daga Tahoua ya zo yana saurayi, ya koyi aikin tun zamanin fim, lokacin da kowane hoton da ya ɓaci asara ne. Abin ya bi jikinsa. Zai zaunar da mutum gaban farin ƙyalle, ya ce a ɗaga haɓa, a fito da kunnuwa, kada a yi murmushi, sannan ya latsa sau ɗaya. Ko da sabon aparai, wato kyamara, mai kati ya zo, wanda ake ɗauka a goge yadda aka ga dama, bai sake hali ba. Ƴan kasuwa suka laƙaba masa Moussa Sau-Ɗaya, shi kuma sunan yana yi masa daɗi.

Autarsa Zalika tana shekara ta biyu a jami'a, can Harobanda. Ita kaɗai ce a gidan take iya tsokanarsa.

"Baba, duk wanda ka ɗauka sai ya fito kamar jandarma na nemansa. Ni fa ina son irin wanda mutum ke fitowa tas, bayansa ya narke."

"Wannan ai hoton ƴan gayu ne."

"To, ni ƴar waye?"

Ranar Asabar ya rufe rumfa da wuri, ya tafi wurin Maman, wani abokinsa mai sayar da tsofaffin kayan hoto a Babbar Kasuwa. Maman ya ce laifin ba na aparai ba ne, na objektif ne, wato gilashin gabansa. Ya ciro guda biyu ya ajiye kan tebur.

"Duka biyu masu milimita hamsin ne. Ba sa zuƙowa, ƙafarka ce za ta kai ka kusa. Amma bakinsu na buɗewa sosai, haske ya shiga, baya ya narke kamar yadda ƴarka ke so. Wannan na roba shi ke nemo ido da kansa. Wannan na ƙarfe tsoho ne, da hannu ake murza shi, shi ya sa bai kai rabin kuɗin wancan ba."

Moussa ya ɗauki na ƙarfen ya juya, ya ji nauyinsa. Irinsa ya koyi aiki da shi.

"Tsoho, ka yi hankali," in ji Maman. "In ka buɗe shi duka, abin da ke fita tas bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Ka nemi ido, ka samu kunne. Kuma idonka ba na da ba ne, na ga kana miƙa takarda nesa in za ka karanta."

"Kai ka fara furfura kafin ni. Naɗe mini shi."

Washegari da la'asar ya tsayar da Zalika gindin dogon yaron da ke tsakar gidansu a unguwar Bobiel. Ta yafa mayafi ruwan goro mai zubin zare a baki. Ya cire tabarau, kamar yadda ya saba in zai leƙa aparai, ya buɗe objektif ɗin har ƙarshe, ya murza, ya murza. Ta yi dariya saboda yadda ya murtuke fuska. Ya latsa.

"Ƙara ɗaya mana, Baba, na motsa."

"Yaushe kika ji na maimaita?"

Suka duba a ɗan allon bayan aparai. A nan komai ya yi kyau, ganye ya narke ya zama kore mai laushi. Ta ce a wanke mata babba. Ya ce sai an yi hutu.

Ba a kai hutun ba. Cikin watan Agusta, da ruwa ya yi yawa, zazzaɓi ya kama ta ranar Talata. Aka ɗauka na kullum ne. Ranar Alhamis ta daina gane mutane, ranar Juma'a bayan masallaci aka kai ta makwancinta.

Sai bayan sadakar arba'in mahaifiyarta Mariyam ta yi maganar hoton. Akwai wasu a wayar Zalika, amma duk an bi su da abin nan da ƴan mata ke sawa, mai haska fata ya ƙara girman ido. Mariyam ta ce ba ƴarta ba ce a ciki. Na katin jami'a kuwa Moussa ne ya ɗauka, babu murmushi, kamar an tsare ta.

Ya kai katin aparai labo, wurin wanke hoto, ya ce a wanke babba. Da aka miƙo masa, ya sa tabarau. Zaren bakin mayafin ya fita ɗaya bayan ɗaya, har ana iya ƙirgawa. Fuskar kuwa kamar ana hangenta ta cikin ruwa. Ana ganin tana dariya, amma babu ido, babu wushirya, sai inuwarsu.

Mai labon, wanda ya san shi shekara da shekaru, ya tausaya masa. Ya ce yanzu akwai manhajar da ke gyara irin wannan. Cikin minti biyu ya juyo masa da allon kwamfuta. Wata kyakkyawar yarinya ce, ido tas, haƙora a jere babu wushirya, sanye da mayafin Zalika. Moussa ya daɗe yana kallonta, ya fi yadda ya kamata, kafin ya ce a goge.

Wanda bai fita ba shi ya kai gida. Mariyam ta riƙe shi da hannu biyu, ta matsa bakin ƙofa wajen haske.

"Malam, ina sauran?"

"Shi ke nan."

Ta naɗe shi cikin zane ta sa a ƙasan akwati.

Har yanzu yana buɗe rumfa da safe. Abin da bai gaya wa Mariyam ba shi ne, in ya rufe ido yana neman fuskar Zalika, yarinyar kwamfutar nan ce take fara zuwa. Sai ya yi ta ƙoƙarin kawar da ita, wani lokaci ya samu, wani lokaci mai neman hoto ya yi sallama kafin ya samu.