Kawu Sale Mai Ambulan

Duk Bahaushen da ya yi ko da sati biyu a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou ya san Kawu Sale, kuma ya san aljihun gaban rigarsa ba ya rabo da ambulan. Wasu goro suke yawo da shi, wasu carbi, shi kuwa ambulan ne, farare da ruwan ƙasa, an ɗaure su da roba. Kuma kada ku zaci sababbi ne. Ambulan ɗaya sai ya yi masa shekara. A hankali yake buɗe shi da wuƙar ɓare lemo, in za a sake rufewa sai ya lakato ƙwayar shinkafa daga kwanon duk wanda yake kusa, ya murje ta a bakin takardar, ya danne da babban yatsa. Na taɓa jin kunya na sayo masa gam a wani kanti a unguwar Tianhe. Ya juya shi, ya karanta farashin da ke jiki, ya ce, "Innata, shinkafar Caina ta ƙare ne?" Ya jefa shi a durowa.

Ni ce Innatan. Ƙanin mahaifiyata ne, sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Shi ya tarbe ni ranar da na fara zuwa Guangzhou saro takalma da jakunkunan mata. Shi ya koya mini cewa in mai shago ya ce "meyo", ba lallai babu ɗin ba ne, wani lokacin farashinki ne bai yi masa ba. Sana'arsa haɗa kayan 'yan kasuwa a kwantena ya tura gida, a wani ɗan ofis a hawa na tara, wanda in mutum uku suka shiga, na huɗu sai dai ya yi sallama daga waje. A nan yake dafa shayi da ganye ɗaya tun safe har la'asar, yana shanya shi a kan fanka tsakanin kofi da kofi.

Maganarsa guda ce a kan kowace rigima: "A sa a ambulan."

Kun tuna shekarar da Alhaji Tasi'u na Kantin Kwari da Alhaji Mamman na Maraɗi suka kusa ba hammata iska a kan ɗan gurbin da ya rage a kwantena? Kawu ya sa hannu a aljihu. Ya miƙa wa kowa ambulan, ya ce ya rubuta abin da zai biya, ya kuma rubuta dalilin da ya sa kayansa ba za su jira ba. Alhaji Tasi'u ya zuba kuɗi masu nauyi, dalili kuwa ya rubuta "kasuwa". Alhaji Mamman ya sa ɗan abin da ya samu, ya ce takalman yaran lakkwal ne, wato 'yan boko, kuma an kusa komawa makaranta. Kawu ya buɗe a gaban kowa, ya ba Alhaji Mamman gurbin.

"Haba Alhaji Sale, ai na fi shi tayi!" in ji Alhaji Tasi'u.

"Juya bayan ambulan ɗinka."

A bayan kowane ambulan na Kawu akwai layi ɗaya da biro: Ba dole ne mai tsada ya ci ba.

"To in haka ne, mene ne amfanin tayin?"

"Don mu san abin da muka ƙi," in ji Kawu, ya karɓe ambulan ɗinsa ya mayar aljihu.

Da yawanku ba ku san inda ya samo wannan hali ba. Ni na sani, don a gabana aka yi. Mun je wani shagon famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, muka tarar da wani ƙaton mutum, kafaɗunsa sun cika ƙofa, yana fama da mai shago. Kawu ya shiga cinikin ba a gayyace shi ba, ya sa aka rage masa. Mutumin ya ce sunansa Hemi, daga New Zealand, ɗan ƙabilar Maori ne, asalin mutanen ƙasar. Nan take Kawu ya mayar da shi Malam Hamisu, ya ja shi gidan abinci, kuma abin mamaki shi ya biya.

Da Hemi ya nuna hoton gonarsu a waya, Kawu ya ajiye cokali. Tudu ne kore shar har bakin teku, tumaki sun bazu a kai. Da turancinsa na kasuwa ya ce a yanka masa kadada biyu, ko nawa ne. Hemi ya yi dariya, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ta kakanninsu ce, masu ita sun fi ɗari, wasu ma ba a haife su ba tukuna. Akwai amintattu da suke riƙe musu ita. In suna so a nome ta, sai a fitar da sanarwar haya, duk mai so ya rubuta tayinsa a rufe, ya faɗi abin da zai biya da abin da zai yi wa ƙasar: shinge, taki, kashe mugun haki. In wa'adi ya cika a buɗe. Kuma a ƙasan sanarwar ana rubuta cewa ba dole ne a ba wanda ya fi tayi ba.

Kawu ya sa na maimaita masa wannan layin na ƙarshe da Hausa har sau uku. Da za su rabu, Hemi ya sunkuyo don su haɗa hanci, irin gaisuwarsu. Kawu ya tsaya ƙiƙam kamar ana auna masa hula. Da muka fito ya shafa hancinsa ya ce, "Mutumin kirki ne. Amma kada ki faɗa wa kowa a masallaci."

Na zaci maganar ta ƙare a nan. Bayan wata huɗu sai ga Kawu a masaukina da takardu, wai an fitar da sanarwar hayar wata gonar Maori, Hemi ya turo masa don ya ga yadda abin yake, shi kuma zai shiga. Ni ce mai cike fom.

"Kawu, sun ce wace ƙwarewa kake da ita a kiwo."

"Rubuta shekara goma sha biyu. Awakin Inna."

"Sun ce me za ka shuka."

"Gero da wake. Shanu kuma farare, irin namu."

"Kawu, can sanyi ake yi. Lokacin da muke zafi su suna rawar ɗari."

"To ai shi ke nan, in na gama damina a Kura sai in tafi can in yi wata."

"Ka taɓa ganin gonar?"

"Su ma ai ba su taɓa ganina ba."

A ƙasa ya sa na ƙara cewa duk shekara zai kai wa masu ƙasa damin farko har gida, kuma ba zai sare itace ko ɗaya ba. Bai ci ba, ba sai na faɗa ba. Amma sun amsa masa da wasiƙa mai ladabi, suka gode masa musamman a kan maganar itatuwa. Ya kai aka lulluɓe ta da leda, ya rataye a ofis sama da kalanda. Daga baya Hemi ya gaya masa cewa wani matashi maƙwabcin gonar aka ba, kuma akwai waɗanda suka fi shi tayi. Ranar Kawu ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce, "Mutanen nan sun san abin da suke yi. Ni ma da ni ne su, ba zan ba ni ba."

Duk wannan dariya muke yi, har abin ya zo kaina.

Bayan rasuwar mahaifiyata aka raba gado, gonarta ta bayan Kura ta faɗo mini. Wani dattijo, Malam Ado, shi yake nome mata ita tun ina ƙarama. Gari ya matso, dillalan filaye suka fara kirana. Ni kuma a lokacin idona ya rufe, burina in cika kwantena guda tawa ni kaɗai, in daina raɓewa a ta mutane. Na yanke shawara zan sayar. Na shiga ofishin Kawu da shirin faɗa, don na san halinsa.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Haƙƙinki ne, Innata. Allah ne ya ba ki, ni wane ne? Alfarma ɗaya nake nema. A sa a ambulan."

Na yarda, don na ga ba abin da zan rasa. Mai unguwa ya yi shela: mai son saye da mai son haya, kowa ya rubuta abin da zai bayar da abin da zai yi da gonar. Aka sa ranar buɗewa. Can da safe ne, mu nan la'asar, ni da Kawu muna zaune a ofis, an kira mu ta bidiyo. Mutane sun taru a gonar, liman yana riƙe da ambulan uku.

Na farko na dillali ne. Da liman ya karanta kuɗin sai da na gyara zama, kwantenata ce cif har da canji. Abin da zai yi kuwa, zai share itatuwa ya yanka filoti. Na biyu mai buga bulo ne, haya yake so, zai haƙi ƙasa. Da liman ya ɗago na uku, tun kafin ya buɗe na gane shi. Ruwan ƙasa ne, ya sha jiki, ga tabon shinkafa a bakinsa. Ashe Kawu ya ba wani ɗan kasuwa mai komawa gida ya kai masa. Na waiwayo, shi kuwa ya duƙufa yana matse ganyen shayinsa.

Haya yake nema ta shekara goma. Abin da zai biya buhu huɗu na shinkafa a shekara. Da aka karanta wannan sai da na ji dariyar mutane ta cikin waya. Liman ya ci gaba: zai kewaye gonar, zai haƙa burtsatse, Malam Ado zai ci gaba da nomansa, ba za a taɓa itace ko ɗaya ba, in wa'adi ya cika a mayar wa mai ita.

"Kawu, wannan ai maguɗi ne."

"Ina maguɗin? Ni mai tayi ne kamar kowa. Ke ce mai ƙasa. Ga mai tsada nan, ɗauki abinki."

Na buɗe baki zan ce dillali. Wallahi na buɗe. Sai mai riƙe da wayar ya gaji ya sauya hannu, hoton ya karkata, na ga mangwaron da mahaifiyata ta dasa shekarar da aka yaye ni, Malam Ado yana tsugune a gindinsa, ya cire hula yana juya ta a hannu. Minti biyar da suka wuce na ji da kunnena an karanta abin da za a yi wa bishiyar nan. Da sayarwa kawai na yi ta hannun dillali, ba wanda zai karanta mini wannan, kuma ba zan tambaya ba. Na ce a ba na uku. Na tashi na fita ban yi wa Kawu sallama ba.

Wata biyu na yi ina gaba da shi. Rannan sai ga ambulan an turo ta ƙarƙashin ƙofata. A ciki ya rubuta: Me za ki karɓa ki huce? Na rubuta a baya: shayi da sabon ganye. Washegari ya kira ni ya ce tayin ya yi tsada, amma ya karɓa.

Sauran kun sani, don tare muka sha. Annoba ta zo, jirage suka tsaya, naira ta zube. Na maƙale a Kano kusan shekara biyu, jarina ya narke ina kallo. Na san mutanen da suka sayar da gonaki suka zuba a kaya, yau ba gona ba kaya. Ni buhun nan huɗu da aka yi wa dariya, da tumatir da albasar da Malam Ado yake aiko mini tun da ruwa ya samu, su suka riƙe ni da 'ya'yana. Da na je gonar na tarar da famfo mai hasken rana, irin wanda Hemi ya saya sak. Mutumin da ba ya iya sayen gam, shi ya yi wannan. Na zauna a gindin mangwaro na yi kukana na ƙoshi.

Da na dawo Guangzhou na yi masa godiya, sai ya ce in daina ɓata masa suna, kada mutane su ji su zaci yana da kuɗi.

A shekara ta bakwai ta hayar ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. A nan aka binne shi, a maƙabartar Musulmi, da yawanku kuna cikin sahu. Da muka je kwashe kayan ofis, Alhaji Tasi'u ne ya roƙi a bar masa wasiƙar Maori ta bango, aka ba shi. A durowa na sami ambulan an rubuta "Innata". Sabo ne fil, fari, ba a taɓa amfani da shi ba. Kuma ba shinkafa a bakinsa. Da gam ɗina ya rufe shi, ga robar gam ɗin nan a gefe an matse ta. Layi biyu ne a ciki: Saura shekara uku, na yafe. Ki riƙe wa waɗanda ba a haifa ba.

Na riƙe, Kawu. Na gode.

Ya Allah, bawanka Sale ya zo maka da abin da ya zo da shi. Mu ba mu san abin da ke rufe a ciki ba, Kai ka sani. Ka karɓi tayinsa ko da ba shi ne mafi tsada ba, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka ba shi gonar da ba a karɓewa. Amin.